Tambaya: Me zan fara karantawa a kan Lutheran masu riƙo da shaidar bangaskiya?

Mai Neman Sani ta rubuta:

Salama gare ku, 'yan'uwa. A wata ɗariƙa dabam na taso, amma shekara biyu ke nan ina sujada tare da Lutheran saboda aure ya kawo ni cikinsu. A 'yan kwanakin nan na lura cewa waɗansu marubuta ba sa tsayawa ga kiran kansu Lutheran kawai, sai sun ƙara da cewa su masu riƙo ne da shaidar bangaskiya, kamar dai akwai waɗanda suka sake ta. Na karanta rubuce-rubucen mutum uku daga cikinsu: ɗaya ya ƙarfafa mini zuciya ƙwarai, ɗaya ya fi ƙarfin fahimtata, na ukun kuwa tun daga farko har ƙarshe faɗa yake yi da mutanen da ban taɓa jin sunansu ba. Ina roƙon waɗanda suka riga ni sani su bayyana mini abin da wannan suna yake nufi, su kuma nuna mini yadda zan gane marubucin da ya cancanci in ba shi lokacina.

Tsohon Malamin Katikisma ya amsa:

'Yata, salama. Shawarata ita ce ki ajiye marubutan nan uku tukuna, ki je rijiyar da dukansu suke cewa daga nan suke ɗiban ruwa. Shaidar da suke magana a kanta tana cikin littafi guda, wanda ake kira Littafin Concord, wato littafin daidaituwa, da aka buga da Jamusanci a birnin Dresden ranar 25 ga Yuni, 1580. Ba a zaɓi ranar da ka ba, domin a ranar ce aka cika shekara hamsin da karanta Shaidar Augsburg a gaban sarki Charles na Biyar a 1530.

Littafin yana da kauri, kuma wanda ya ce zai bi shi daga shafin farko zuwa na ƙarshe a jere, da wuya ya kai rabi. Ki fara da Ƙaramin Katikisma wanda Martin Luther ya rubuta a 1529, bayan ya zaga ƙauyukan Saxony ya tarar da mutane, har da waɗansu masu wa'azi, ba su san Dokoki Goma ko Addu'ar Ubangiji ba. Ya tsara shi ne domin maigida ya koya wa iyalinsa, kuma bayan kowace doka da kowane roƙo yana kawo tambayar nan, wato mene ne ma'anar wannan, sa'an nan amsa ta biyo baya a taƙaice. Shekara da shekaru ina koya wa yara shi, amma har yau idan na zo bayanin sashe na uku na Shaidar Bangaskiya ta Manzanni, inda mutum yake furta cewa ba da hankalinsa ko ƙarfinsa yake iya gaskatawa da Yesu Almasihu ba, sai dai Ruhu Mai Tsarki ne ya kira shi ta wurin Bishara, nakan ɗan dakata kafin in ci gaba.

Daga nan ki shiga Shaidar Augsburg, wadda Philip Melanchthon ya rubuta. Sassa 28 ne: 21 na farko a kan koyarwa, bakwai na ƙarshe a kan al'adun da aka gyara. Sashe na huɗu, wanda yake maganar barata ta wurin bangaskiya, wato yadda Allah yake karɓar mai zunubi a matsayin mai adalci, bai wuce 'yan layuka ba, amma shi ne ginshiƙin ɗakin. Bayan ta sai ki karanta Babban Katikisma na Luther. Sauran, musamman yarjejeniyar 1577 da Jakob Andreae da Martin Chemnitz da abokan aikinsu suka tsara domin kashe gardamar da ta ɓarke bayan rasuwar Luther a 1546, ki bar su sai ƙafarki ta kafu.

Ɗalibin Tauhidi ya amsa:

Baba ya nuna hanya, ni dai zan ƙara bayani ne a kan sunan kansa, domin kusan dukan ikkilisiyoyin Lutheran suna ambaton waɗannan takardu a tsarin mulkinsu, saboda haka ambato kaɗai ba ya rarrabe kowa. Abin da yake rarrabewa shi ne yadda fasto yake amincewa da su ranar da aka naɗa shi, kuma kalmomi biyu na Latin ne suke ɗauke da zancen. Mai cewa quia yana nufin ya amince da su domin sun yi daidai da Littafi Mai Tsarki. Mai cewa quatenus yana nufin ya amince da su gwargwadon yadda suka yi daidai da shi. A kunne, ta biyun ta fi kama da tawali'u, amma masu riƙo da shaida suna cewa da irin wannan sharaɗi mutum zai iya sa hannu a kan kowane littafi a duniya, tun da shi ne zai yanke wa kansa inda gwargwadon ya tsaya. Su ba sa ɗora shaidar a kan Maganar Allah. Suna cewa Maganar ita ce ma'auni, shaidar kuwa abin da aka riga aka auna ne aka same shi daidai.

Zafin da kika ji a rubutun mutumin nan na uku, 'yar'uwa, yana da tushe a tarihi. A 1817 sarkin Prussia, Frederick William na Uku, ya nemi haɗa Lutheran da mabiya koyarwar Calvin su zama ikkilisiya ɗaya, alhali ba su yarda da juna ba a kan Jibin Ubangiji, inda Lutheran suke riƙe cewa jiki da jinin Almasihu suna nan da gaske a cikin gurasa da ruwan inabi. Waɗanda suka ƙi haɗin sun sha tsanani, har aka ɗaure waɗansu fastoci, da yawa kuma suka yi ƙaura zuwa Amurka da Ostireliya. Wani ayari dabam, daga Saxony, ya sauka a jihar Missouri a 1839, kuma daga cikinsu ne C. F. W. Walther ya fito, wanda ya zama shugaban farko na Majalisar Missouri, wata ƙungiyar ikkilisiyoyin Lutheran da aka kafa a 1847. Idan kika ga hoton tsohuwar majami'a a Amurka da haruffa U.A.C. a sassaƙe jikin dutsen harsashinta, ma'anarsu ita ce Shaidar Augsburg wadda ba a sauya ba, domin Melanchthon da kansa ya sassauta kalmomin sashe na goma, wanda yake maganar Jibin Ubangiji, a bugun 1540, kuma masu riƙo da shaida ba su karɓi wannan gyara ba.

Ki sani kuma su ma ba bakinsu ɗaya ba ne a kan komai. Majalisar Wisconsin ta yanke zumunci da ta Missouri a 1961, mafi yawa a kan batun da wa ya halatta a yi tarayya cikin addu'a da sujada, kuma har yau kowacce tana da tata ƙungiyar ta duniya. Yawancin sunayen da ba ki sani ba daga irin waɗannan gardandami suke fitowa.

Maman Tagwaye ta amsa:

Ƙanwata, ni ban yi makarantar tauhidi ba, amma na daɗe ina karanta irin waɗannan marubuta, kuma abu biyu nake dubawa. Na farko, idan na gama karantawa nakan tambayi kaina ko an bar ni ina duban ayyukana ne ko kuwa an nuna mini abin da Almasihu ya yi domina. Rarrabe Shari'a da Bishara shi ne abin da Lutheran suka fi ji da shi, har Walther ya yi ta yi wa ɗalibansa lacca a kansa daga 1884 zuwa 1885, aka tattara laccocin suka zama littafi bayan rasuwarsa. Marubucin da ya iya sunayen dukan takardun 1580 amma bai iya yi wa mai nauyin lamiri albishir ba, ya haddace littafin ne kawai.

Na biyu, ina duban yadda yake maganar abokin gardamarsa. A Ƙaramin Katikisma, bayanin doka ta takwas, wadda ta hana shaidar zur, yana cewa mu kāre maƙwabcinmu, mu faɗi alheri a kansa, mu kuma fassara al'amuransa ta fuska mafi kyau. (Kada lambar ta rikita ki; wataƙila a ɗariƙar da kika taso ita ce ta tara, domin lissafin ya bambanta.) Ban ce a daina tsawata wa koyarwar ƙarya ba, Luther kansa ba mai sanyin harshe ba ne, amma wanda ya kawo maganar abokin hamayyarsa a karkace domin ya ji daɗin rushe ta, na daina karanta shi ko da muna ɗariƙa ɗaya. Da ɗalibinmu na ɗan saɓa a nan: tarihi ya bayyana dalilin zafin, amma bai wanke kowane mai zafi ba.

Mai Neman Sani ta sāke rubutawa:

Na gode, Baba, na gode Yaya, da kai ma Malam. Ashe Ƙaramin Katikisman yana cikin kayan maigidana tun na lokacin da aka tabbatar da shi cikin ikkilisiya, bangon ya yage, kuma ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin amsoshin da aka sa su haddace. Daren jiya na kai ga doka ta takwas, kuma gaskiyar Yaya ce, ta tara na san ta. Idan na isa sashe na goma na Shaidar Augsburg zan dawo da tambaya a kan Jibin Ubangiji, domin abin da Malam ya faɗa ya sha bamban da abin da aka koya mini tun ina yarinya.