Wace kalma za mu ba "adventure" a Hausa?

1/ Jama'a, ina neman taimako. Ina rubutu kan finafinan Turai da aka ɗauko daga tsofaffin littattafai game da mutanen Inka na ƙasar Peru, sai kalmar "adventure" ta tsaya mini a wuya.

2/ Misalin da nake kai shi ne fim ɗin da Georg Marischka ya shirya a tsakiyar shekarun 1960, daga littafin marubucin Jamus Karl May na 1892. Labarin magajin sarautar Inka ne da dukiyar kakanninsa da aka ɓoye, ga Bature jarumi, ga mugaye masu kwaɗayin zinariya. Shi kuwa Karl May bai taɓa taka Kudancin Amurka ba, a gida ya zauna ya zayyana duwatsunta. Kwaɗayin zinariyar dai ba ƙage ba ne: a 1532 Pizarro, jagoran mayaƙan Sifaniya, ya kama sarkin Inka Atahualpa a garin Cajamarca na Peru, aka tara masa zinariya da azurfa fansa, amma duk da haka aka kashe sarkin a 1533.

3/ Wani malami ya ce mu kira shi "fim ɗin jarumtaka". Malam, da girmamawa, wannan ai har fim ɗin Indiya da mutum ɗaya ke zane mutum goma ya shiga ciki. Babu tafiya a kalmar, alhali tafiya ce ƙashin bayan irin wannan labari.

4/ Masu cewa "yawon duniya" ku yi haƙuri. Kun san abin da ake nufi idan aka ce wance ta shiga yawon duniya.

5/ "Neman taska" ya dace da finafinan Inka kam, sai dai ya yi ƙunci. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam irin wannan labari ne, ruwan magani aka fita nema a cikinsa, ba zinariya ba.

6/ "Kasada" ta fi kusa, amma ita kaɗai ba ta isa ba, domin ɗan kasuwar da ya zuba jarinsa a hajar da bai sani ba shi ma kasada ya yi.

7/ Ni dai na tsaya kan "balaguron kasada". A ce fim ɗin balaguron kasada, ko littafin balaguron kasada. Mutanen Damagaram da Maraɗi, idan kuna da wadda ta fi ta gajarta, ku kawo ta.