Ɗan shekara uku da aikin gida: me binciken ƙasashen waje ya ce?

Maman Ilham, Unguwar Rogo:
Assalamu alaikum. Ina da 'yar makarantar rainon yara a nan Jos, 'yan shekara uku zuwa biyar. Iyaye ne suka sa ni gaba, kowa so yake ɗansa ya koma gida da littafi cike da ABCD da 1 zuwa 100, in ba haka ba a ce ba ma koyar da komai. Akwai wata yarinya da ko fensir ba ta iya riƙewa ba, da sanyin safiyar nan yatsunta a ƙandare, tana kuka tana bin ɗigo-ɗigo a kan layi. Abin yana ci mini rai. Don Allah masu karatun fannin, me bincike ya nuna a kan wannan? Kuma ina zan samu littattafan yara na Hausa ba da tsada ba?

Malam Sabo, Gangare:
Wa alaikumus salam Hajiya. Binciken da ya fi kama da halinmu shi ne na Jamaika. A 1986 aka fara shi a birnin Kingston, da yara 'yan wata 9 zuwa 24 waɗanda rashin abinci mai gina jiki ya tsumburar. Ma'aikaciyar lafiya ce ke zuwa gida sau ɗaya a mako har shekara biyu, ta zauna da uwa ta nuna mata yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta, da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara 20 aka bibiyi yaran, aka tarar kuɗin da suke samu a wurin aiki ya ɗara na waɗanda ba a yi wa ziyarar ba da kusan kashi 25 cikin ɗari. Ki lura, ba rubutu aka koya musu ba.

Ki gaya wa iyayen kuma cewa a Finland sai yaro ya kai shekara bakwai yake shiga aji ɗaya.

Baban Khalifa, Rikkos:
Malam, da gyara. Finland ba Jos ba ce. Mu nan yaro zai nemi firamare a yi masa gwajin rubutu da Turanci, ka ga dole uba ya damu. Ko binciken makarantar rainon yara ta Perry a Amurka da ake ta kafa hujja da shi, na 1962, yara 123 ne kacal, kuma malama ɗaya ba ta wuce yara biyar ko shida ba. Wa ke da wannan a nan?

Anti Laraba, Tudun Wada:
Gaskiyarka Baban Khalifa, amma gwajin nan sai ɗan shekara biyar, ba uku ba. Ni na daɗe a aikin nan. Maman Ilham, ki tara murafen kwalba da gwangwanayen tumatir da aka dakusar da kaifin bakinsu. Yaro ya ware ja daban, kore daban, ya ƙirga biyar cikin kowane gwangwani. Zuba yashi a faranti ya zana harafi da yatsa. Ranar Juma'a ki kira iyaye su tsaya minti goma su gani da idonsu, iyayen yarana da haka suka sauko.

Littattafai kuwa, ki duba African Storybook da StoryWeaver a intanet. Duka kyauta ne, akwai labaran Hausa masu hotuna, kina iya saukewa a waya ko ki buga a takarda. Ki karanta kafin ki kai aji, wasu Hausarsu sai an ɗan gyara.

Maman Ilham:
Allah ya saka da alheri. Malam Sabo, tsarin na Jamaika akwai littafin jagoransa? Ina so in fara da iyaye mata.

Malam Sabo:
Akwai, sunan shirin Reach Up, daga Jami'ar West Indies. UNICEF da Hukumar Lafiya ta Duniya su ma suna da nasu, Care for Child Development, da katunan nasiha ga iyaye bisa shekarun yaro. Ki fara da wannan, ya fi sauƙin samu.