Cefane da ƙaramin yaro a hannu: yaya kuke yi da neman rangwame?

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema a wurin waɗanda suka riga ni. Ƙaramin ɗana shekararsa 2 da wata 7, kuma ba ni da wanda zan bar wa shi idan zan fita cefanen wata. Da can nakan tsaya in duba kaya ɗaya bayan ɗaya, in gwada farashi. Yanzu ko minti 20 ba ma yi sai ya fara kuka. Satin da ya wuce na ga an manna takardar ragi a kan garin sabulu, na sunkuci leda biyu ina jijjiga shi a kafaɗa. Sai da na dawo gida na lura kowace leda giram 800 ce, alhali wadda na saba saya kilo 1 ce. Da na buga lissafi, babu ribar da na ci. Abin ya yi min ciwo, don kuɗin nan a ƙirge suke.

Uwar Gida: Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu. Ni ma na sha wannan. Abin da ya fisshe ni shi ne na daina yin lissafi a cikin kanti. Da dare, bayan yara sun yi barci, nake zama da rasit ɗin watan jiya in rubuta abin da zan saya, da nauyinsa, da nawa kilo ɗaya ya kama. Idan na ga ragi, kallo ɗaya nake yi wa takardata in san ko na gaske ne. Sannan ki fita bayan ya ci ya ƙoshi, ya kuma tashi daga barci. Yaron da yunwa ke ci ba ya jin lallashi.

Baban Yara: Ni nake fita da 'yarmu mai shekara 4. Wurin biyan kuɗi ne ke ba ni wahala. Kin riga kin shiga layi, ba gaba ba baya, ga alawa da cakulan an jera a kanta ta ƙasa daidai idonta. Masu kanti da gangan suke yin haka. A Ingila ma tun Oktoban 2022 doka ta hana manyan kantuna ajiye irin kayan zaƙin nan a wurin biyan kuɗi da bakin ƙofa. Yanzu tun a gida muke yin magana: abu ɗaya za ta zaɓa, ta riƙe shi a hannunta har mu fita. Takan rungume shi a ƙirji, ta miƙa wa mai karɓar kuɗi da kanta.

Yaya Babba: Ni gargaɗi zan yi a kan keken tura kaya. Na sunkuya ina duba ranar lalacewar madarar da aka karya wa farashi, ɗana ya miƙe tsaye a cikin kwandon, keken ya karkata. Allah ya kiyaye, goshinsa ne kawai ya kumbura, amma har yau ina jin ƙarar faɗuwar nan a kunnena. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta yi gargaɗi kan wannan tun 2006, kuma yawanci a kai da wuya raunin yake. Ki zaunar da shi a kujerarsa, ki ɗaura masa bel, hannunki ɗaya kada ya bar keken.

Uwar Gida: Subhanallahi, Allah ya ƙara tsarewa. Madarar ma ki riƙa lura, Maman Biyu, sau da yawa don kwananta ya kusa ƙarewa ake rage mata kuɗi. In ba za ku shanye kafin ranar ba, bar musu abinsu.

Maman Biyu: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya na je da takardata bayan ya tashi daga barcin rana. Na ba shi soso ya riƙe, na ce aikinsa ne ya kai wa mai karɓar kuɗi. Ya yi ɗan kuka a layi, amma na samu na duba nauyin komai kafin in ɗauka. Baban Yara, idan ta zaɓi abu ɗayan sannan ta hango wani a gaba, kana barinta ta musanya?