Wa ya taɓa ganin itatuwan mangurof da idonsa?

Ɗalibar ilimin tsirrai, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo: Salamu alaikum iyaye da yayye. Ana koya muna rarrabe itatuwan mangurof, masu tsirowa inda kogi ke gamuwa da ruwan gishiri, ni kuwa ruwan da na sani bai wuce gulbin Rima ba. Wanda ya gan su ya taimake ni, da me ake bambanta su?

Tsohon soja, Mabera: Ɗiyata, fara duban saiwa kafin ganye. Na yi aiki a ƙoramun Bonny, jihar Ribas. Wanda ya fi yawa can shi ke gaba, bakin ruwa. Saiwoyinsa daga gangar jiki da rassa suke saukowa, su lanƙwasa su nutse cikin taɓo, sai ki ce icce ya yi ƙafafu. Ɗiyansa ne sunka fi ɗaure min kai: iri yana tsirowa tun yana manne da uwa, ya yi tsawo kamar ɗan zogale, sannan ya faɗo ya kafe, ko ruwa ya tafi da shi.

Malamin sakandare, Gidan Igwai: Baba, wannan shi ne Rhizophora racemosa. Lokacin bautar ƙasa a Bayelsa na taka bayansa, inda Avicennia germinans yake. Shi saiwoyinsa daga ƙasa suke huda sama, birjik kamar an kafa fensir, da su yake shan iska tunda taɓon ba ya da ita. Na lasa ganyensa, gishiri sosai. Can tudu akwai Conocarpus, ba ya da irin wagga saiwa, shi ya sa masana da yawa ke sa shi cikin maƙwabtan mangurof kawai, ba na ainihi ba.

Mai fataucin busasshen kifi, Tsohuwar Kasuwa: A Oron, jihar Akwa Ibom, wata itaciya mai suna nipa ce ta cika bakin ruwa, ganye kamar na dabino amma ba ka ganin gangarta, tana kwance cikin taɓo. Baƙuwa ce, a 1906 aka kawo ta Kalaba daga Singafo. Masunta na kuka da ita, ta kore iccen da suke bandar kifi da shi.

Alhaji, Kanwuri: Mangurof na Jizan ta Saudiyya, bakin Bahar Maliya, gajeru ne, kamar kurmin sabara. Raƙuma har cikin ruwa suke shiga su ci ganyen.

Ɗalibar: Na gode. Alhaji, naka Avicennia marina ne. Ka lura ko akwai saiwoyin fensir a gindinsu?