Muhawara: Shin komawa shaye-shaye ce ta kashe wasan Josh Hamilton?

Malam Nasiru, Arlington: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma da aka sake ta a nan jiya na ga ba zan iya yin shiru ba. Duk lokacin da aka zo lissafin kwantiragi mafi muni a tarihin besbol sai a jefo sunan Josh Hamilton, tsohon ɗan wasan ƙungiyar Rangers ta Teksas da ke wasa a nan Arlington, a ce ɗan ƙwaya ne da ya karɓi dala miliyan 125 daga Los Angeles Angels a watan Disamban 2012, ya koma ruwa, ya bar su da asara. Wannan labari an juya shi ne. Mutumin nan ya koma shan giya a watan Janairun 2009 a wata mashaya da ke Tempe a jihar Arizona, amma a 2010 shi aka zaɓa gwarzon ɗan wasa na American League, ɗaya daga cikin ɓangarori biyu na babbar gasar besbol ta Amurka. Ya sake zamewa a ƙarshen Janairun 2012 a Dallas, kuma a wannan shekarar ya buga hom-ron (bugun da ke fitar da ƙwallo bayan shingen fili, a ci maki) 43, har da guda 4 a wasa ɗaya da Baltimore ranar 8 ga Mayu. Idan komawa shaye-shaye ce take kashe wasansa, me ya hana ta kashe shi a waɗannan karo biyu? A Angels ya buga hom-ron 21 a 2013, ya buga 10 a 2014 bayan jijiyar babban yatsansa ta tsage, duk kafin komawar da ya yi ga hodar iblis a farkon 2015. Jiki ne ya gaza: yatsa, kafaɗa, sannan gwiwa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, da ya kai kansa ya faɗa wa hukumar wasan cewa ya zame, Angels ba su riƙe shi ba, sai suka shiga wulaƙanta mara lafiya a bainar jama'a.

Alhaji Garba, Los Anjelis: Wa alaikumus salam. Malam Nasiru, duk abin da ka faɗa na karanta, amma kalmar mara lafiya ba za ta wuce a gabana ba. Mara lafiya shi ne wanda cuta ta same shi yana zaune bai neme ta ba. Wanda ya ɗauki ƙafarsa ya tafi mashaya, ya fitar da kuɗi daga aljihunsa ya saya, alhali yana da mata da 'ya'ya, kuma an ba shi dukiyar da jikokinsa ba za su iya cinyewa ba, wannan sunansa mai ganganci. Idan muka soma kiran kowane mashayi mara lafiya, gobe babu wanda za a tuhuma da komai.

Hajiya Rabi, Houston: Alhaji, Allah ya ƙara girma, amma a nan zan saɓa maka, domin aikin jinya nake yi kuma irin waɗannan mutane suna zuwa hannunmu. Shan farko ganganci ne, babu mai musun wannan. Abin da ke biyo baya shi ne ba a fahimta: ƙwaya tana sauya yadda ƙwaƙwalwa take auna daɗi da buƙata, har ta kai mutum ya san abin nan zai rusa gidansa amma jikinsa yana kiransa kamar yunwa. Cibiyar binciken shaye-shaye ta gwamnatin Amurka ta ce tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na waɗanda aka yi wa magani suna sake komawa, kuma ta kwatanta hakan da yadda hawan jini yake dawowa ga mai shi. Mai hawan jinin da ya ci gishiri ya yi kuskure, amma ba mu kore shi daga asibiti mu ce lafiyarsa ƙalau. Ku dubi yadda Hamilton ya rayu a shekarun da ya fi haskawa. Sau 3 a mako ake gwada fitsarinsa. Ba ya yawo da kuɗi masu yawa a aljihu. Akwai mutum guda, Johnny Narron, wanda aikinsa shi ne zama kusa da shi, yana riƙe masa kuɗin abinci, yana kwana a ɗakin da ke maƙwabtaka da nasa idan an fita wasa. Narron ya koma Milwaukee a ƙarshen 2011, kuma ba a daɗe ba Hamilton ya zame a Dallas. Mai lafiya ba ya buƙatar irin wannan tsaro.

Alhaji Garba: Hajiya, ke da kanki kin kawo hujjata. Mutumin da sai an tsare shi dare da rana kafin ya kama kansa, hali ne da shi, kuma Hausawa sun ce hali zanen dutse. Ba jiya ya fara ba. Ƙungiyar Tampa Bay ta ɗauke shi na farko a duk faɗin Amurka a zaɓen sababbin 'yan wasa na 1999, ta ba yaro ɗan shekara 18 kusan dala miliyan 4, ya ƙone su, bai buga wa babbar ƙungiyarsu ko wasa ɗaya ba.

Ustaz Bashir: Ina roƙon a yi hattara da kalmar nan, domin tana da nauyi a wajenmu. Idan aka ce mutum mara lafiya ne, abin da kunne yake ji shi ne an ɗauke masa wani ɓangare na alhaki, kamar yadda ake sauƙaƙa wa majinyaci azumi. Ban yarda a ɗauke wa mai shan barasa alhakin shansa ba. Sai dai kuma ban yarda da Alhaji cewa hali ba ya sauyawa ba, domin da haka ne da babu amfanin tuba. Shi kansa Hamilton Kirista ne, kuma a 2009 da hotunansa na mashaya suka fito a watan Agusta bai ɓuya a bayan wata cuta ba, ya fito ya amsa laifinsa. Ni zan kira shi wanda aka jarraba.

Hajiya Rabi: Ustaz, likita ba ya kiran mutum mara lafiya don ya wanke shi. Yana kiransa haka ne don a san akwai magani, kuma a san cewa ba a sallamarsa don ya yi shekara biyu bai sha ba. Wanda aka jarraba nasiha ake yi masa. Wannan kuwa yana buƙatar nasiha da magani duka.

Malam Nasiru: Jama'a, tambayata ita ce ko komawar ce ta gama da wasansa, kuma har yanzu babu wanda ya taɓa ta. Amma tunda Alhaji ya koma 1999, sai ya ƙarasa labarin. A farkon 2001 yaron ya yi haɗarin mota tare da iyayensa a Florida, su suka koma gida jinya, shi aka bar shi shi kaɗai da ciwon baya da kuɗi da zaman banza, ya faɗa hannun abokan da ya samu a shagon zanen jiki. Daga 2003 zuwa 2005 bai buga wasa ba sam. A watan Oktoban 2005 ya je ƙofar kakarsa a rame, ita ta karɓe shi, kuma daga nan ya tsaya. A 2007 ya fara buga babbar gasa a Cincinnati, a 2008 yana Teksas ya buga hom-ron 28 a zagaye ɗaya na gasar bugun hom-ron a tsohon filin ƙungiyar Yankees ta Niyok. Da Rangers suka yi nasara a wasannin ƙarshen kaka na 2010, abokan wasansa suka ajiye giyar biki suka yi ta watsa wa juna lemon citta don ya samu ya shiga murnar tare da su. Haka ake yi wa ɗan'uwa.

Alhaji Garba: To ɗan'uwan naku me ya saka muku da shi? Ya bar ku ya bi kuɗi, sannan ya ce Dallas ba garin besbol ba ne na gaskiya. Ku da kanku kuka yi masa ihu a filinku a 2013, kuma tun kafin ya tafi kun yi masa ihu a ƙarshen 2012 bayan ya saki ƙwallo mai sauƙi a Oakland. A lokacin ba mara lafiya ba ne? Mu da muka biya, a wasannin ƙarshen kaka na 2014 da Kansas City ya je bugu sau 13 bai samu ko ɗaya ba. Wannan cin amana ne.

Mubarak, Bronx: Baba Alhaji, ranka ya daɗe, ina neman afuwa, amma Angels ba su da bakin maganar amana. Tyler Skaggs ɗan wasansu ne, ya mutu a ɗakin otal a Teksas ranar 1 ga Yulin 2019 da ƙwayoyi a jikinsa, kuma ma'aikacin ƙungiyar ne, Eric Kay, kotu ta ɗaure shekara 22 saboda shi ya ba shi ƙwayar. Ƙungiyar da ta nuna wa 'yan wasanta a 2015 cewa duk wanda ya faɗi gaskiya za a tozarta shi, wa zai sake zuwa ya faɗa mata yana da matsala? A shekarar nan ta 2015 CC Sabathia ya ce wa Yankees zai tafi gidan gyaran hali saboda giya ana gab da fara wasannin ƙarshen kaka, suka ce ya tafi, ya dawo ya ci gaba da wasa har 2019.

Alhaji Garba: Mubarak, ka bar mamaci ya huta. Ba a kawo gawar yaro cikin gardamar ƙwallo don a ci nasara a kan babba. Kuma ka rage ɗaga murya idan kana magana da sa'an mahaifinka.

Mubarak: Baba, rubutu nake yi, kuma ban fita daga ladabi ba. Akwai kuma abin da kowa yake kauce wa. Dwight Gooden ɗan wasa ne baƙar fata, an dakatar da shi duk kakar 1995 saboda ƙwaya, kuma shi da abokin wasansa Darryl Strawberry jaridun Niyok sun yi shekaru suna kiransu waɗanda suka ɓata baiwarsu. Hamilton fari ne, shi labarinsa aka mayar na tuba da fansa. Kalmar mara lafiya ba kowa ake ba ita ba.

Malam Nasiru: Ƙanena, kada ka jawo launin fata cikin wannan. Angels ba su raga masa don fari ne ba.

Mubarak: Yaya Nasiru, ɗan wasa Steve Howe fari ne, sau 7 aka dakatar da shi saboda shaye-shaye, kuma ana ta mayar da shi wasa.

Hajiya Rabi: Kuma Howe ya mutu a haɗarin mota a 2006 da ƙwaya a jininsa, don haka mayar da shi fili ba gata ba ne idan ba a haɗa da magani ba. Amma ina so a gyara abu ɗaya da Alhaji ya faɗa. Amana ana cin ta ne a ɓoye. Angels sun san tarihinsa kaf kafin su sa hannu, duk Amurka ta sani. A 2015 ba gwaji ne ya kama shi ba, shi ya kai kansa. Kwamitin mutum 4 da ke duba irin wannan ya rabu biyu, aka kira mai sasantawa, ya yanke a farkon Afrilu cewa bai karya sharuɗɗan shirin jinyarsa ba, saboda haka babu dakatarwa. Shugaban ƙungiyar a lokacin, John Carpino, ya fito ya ce hukuncin ya saɓa wa hankali. Mai ƙungiyar, Arte Moreno, ya ce akwai sharaɗi a kwantiragin da ke kare su, ƙungiyar ƙwadago ta 'yan wasa ta ƙaryata shi. Da an dakatar da shi, da sun huta da biyan albashin wannan lokaci. A ƙarshen Afrilu suka mayar da shi Teksas, suka ɗauki mafi yawan kusan dala miliyan 80 da suka rage.

Alhaji Garba: Hajiya, ke mutuniyar Houston ce, duk abin da zai taɓa Angels daɗi yake yi miki tunda ƙungiyarku ta Astros da Angels rukuni ɗaya suke a gasa. Kuma magoya bayan Astros ba su ne za su koya wa kowa gaskiya ba bayan satar alamun hannu na abokan karawa da aka kama ku da ita ta 2017.

Hajiya Rabi: Alhaji, Rangers ma rukuninmu ɗaya, kuma su ne manyan abokan hamayyarmu, amma ga shi ɗan wasansu nake karewa. Maganar 2017 ba ta da alaƙa da mutumin da ke fama da hodar iblis.

Malam Idi, shugaban zaure: Jama'a, dare ya yi, bari in tattara. Abin da ya fito fili shi ne mafi yawanmu ba su gamsu da kiran Hamilton mara lafiya ba, kuma Ustaz Bashir ya tabbatar da cewa alhakin sha yana kan mai sha. Alhaji Garba, wanda ya fi mu shekaru da sanin wasan, ya nuna cewa ƙungiyar da ta zuba dala miliyan 125 tana da haƙƙin ta ji haushi, kuma ni ma ina ganin babu mai kasuwancin da zai yi shiru a kan irin wannan asara. Hajiya Rabi ta kawo ra'ayin likitoci, mun gode, sai dai asibiti daban, filin wasa daban. Bayan ya koma Teksas wasa 50 kawai ya buga a 2015, daga nan bai sake buga babbar gasa ba, wanda ke nuna shaye-shayen ya riga ya cinye shi. Ina kuma jan hankalin matasa a kan yadda ake magana da manya.

Malam Nasiru: Malam Idi, wannan ba tattarawa ba ce. Mutum 6 ne suka yi magana, kuma Alhaji kaɗai ne ya tsaya a inda ka ce mafi yawanmu suka tsaya, sai kai. Ustaz ya ce hali yana sauyawa, ka bar wannan rabin. Gwiwarsa aka yi wa tiyata sau da dama, ita ta hana shi buga kakar 2016 gaba ɗaya, kuma Rangers suka sallame shi a Afrilun 2017 saboda wani sabon rauni a gwiwa. Ka kawo mini rahoto ɗaya da ya ce ya koma sha a wannan tsakanin.

Ustaz Bashir: Ni ma ban ce abin da aka jingina mini shi kaɗai ba. Malam Idi, don Allah a gyara, ko a cire sunana daga tattarawar.