Me ya sa tambarin All Star yake ta cikin ƙafa?

Dogo: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da kambas Converse All Star mai dogon wuya, sai na lura tambarin nan mai tauraro ta cikin ƙafa aka manna shi, inda ba kowa ke gani ba. Mece ce hikimar? Kuma da gaske da shi ake buga ƙwallon kwando a da? Ni dai in na yi tsalle da shi, dunduniyata ce ke shan wuya.

Baban Hafsa: Wa alaikumus salam. Ba don ado aka sa shi ba, ɗan'uwa. Facin ya zauna ne daidai kan ƙashin idon sawu na ciki, don ya kare shi in ƙafafu suka gogi juna. A 1917 kamfanin ya fito da takalmin a Amurka, yadi a sama, roba a ƙasa. Chuck Taylor da kake ganin sunansa ɗan wasa ne da ya kama aiki da kamfanin a farkon shekarun 1920. Gari-gari yake bi yana koya wa ɗalibai wasa, yana tallar takalmin, har aka sa sunansa a facin a shekarun 1930. Abin da ke burge ni, da irinsa Wilt Chamberlain, wani ƙaton ɗan wasan ƙwallon kwando na Amurka, ya ci maki 100 a wasa ɗaya a 1962. Ka duba girman mutumin nan, sannan ka duba siririn tafin takalmin!

Maman Abba: Malam Dogo, don Allah kada ka shiga fili da shi. Tafinsa a shimfiɗe yake, babu abin da ke tare nauyi in ka diro, yadin kuma ba ya riƙe idon sawu. Shi ya sa 'yan wasa suka koma na fata a shekarun 1970, irin su Adidas Superstar. Da Nike ta kawo Air Force 1 mai iska a tafi a 1982, ai magana ta ƙare.

Baban Hafsa: Haka ne, Hajiya. Converse ma ta durƙushe a 2001, Nike ta saye ta a 2003. Amma masu ɗaga ƙarfe suna son sa har yau, saboda shimfiɗaɗɗen tafin nan yana dasa ƙafa a ƙasa sosai.

Dogo: Na gode ƙwarai. Zan bar shi na yawo, in nemi wani na wasa. Wanne kuke ganin ya dace da mai faɗin ƙafa?