Gashin furostet: sun ƙona ko ba su ƙona ba?

Ɗan Auta: Jama'a raina a ɓace yake. An yi wa mahaifina gashin kansar furostet (ƙullin naman da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji) da hasken na'ura, zama 20. Ciwon a gefe ɗaya yake, amma duk furostet ɗin suka haska, suka ƙona masa lafiyayyen nama. Da dare sai ka ji shi ya tashi fitsari, yana dafe bango yana cije leɓe. Ga PSA ɗinsa, wato sinadarin furostet da ake aunawa a jini don bibiyar ciwon, har yau bai sauka sifili ba. To me aka yi ke nan?

Anti Nas: Allah ya ba Baba lafiya. Amma ɗana, bar cewa ƙonawa, babu wuta a ciki. Hasken yana lalata DNA ne, wato sinadarin gado da ke cikin ƙwayoyin halitta. Masu lafiya sukan gyara kansu kafin zama na gaba, masu ciwon kansa kuwa gyaran yakan gagare su, shi ya sa ake yinsa kashi-kashi. Ana haska duka ne don kansar furostet takan ɓuya a wuri fiye da ɗaya.

Kawu: Hajiya, naman da ya motse ya zama tabo fa? Har maniyyi raguwa yake yi. In ba ƙonewa ba, mene ne?

Anti Nas: Motsewa da tabo gaskiya ne, Kawu, a hankali suke zuwa. Ƙuna daban.

Kawu: Ke dai abokan aikinki kike karewa.

Baban Biyu: Ni na san wani, shi ma ƙonawa ya ce. Tiyata ta fi, a cire kowa ya huta.

Malama: Wa ya huta? Yoyon fitsari fa, Alhaji?

Dattijo: Ni abin da ya dame ni, yaro ya kawo maganar marar mahaifinsa cikin mutane. Ina kunya?

Malama: Baba, da girmanka, kunyar nan ce ke hana maza zuwa gwaji sai ciwo ya ci ƙashi.

Dattijo: Ba da ke nake ba.

Anti Nas: Ɗana, kan PSA: naman da ya rage yana ci gaba da fitar da shi, ba kamar bayan tiyata ba. Saukarsa kan ɗauki shekara 2 ko fiye, kuma sai ya haura mafi ƙarancin da ya kai da maki 2 ake zargin ciwon ya dawo. Zafin fitsarin kuwa mafitsara da hanyar fitsari ne hasken ya taɓa, ku koma wa likita.

Kawu: Kun ji! "Ya taɓa." Da bakinta.

Baban Biyu: A taƙaice dai kowa ya yarda an ƙona, har Hajiya ta amsa. Tiyata ta fi, Malama kuma ta ba Dattijo haƙuri.

Malama: Ban yarda ba, kuma haƙurin me?